Yadda ake ɗaure gashi irin na matan Ingila na ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya

Duk wanda ya duba hotunan matan Ingila da aka ɗauka tsakanin 1880 da 1900, abu guda zai fara lura da shi: da wuya a ga babbar mace ta saki gashinta.

Daga gimbiyar da ke zaune a fada har zuwa 'yar aikin da ke tsaye a ƙofar kicin, kowace ta tattare gashinta ta kai shi tsakar ka, ta naɗe, ta bar wuya da ƙeya a fili.

Salon ya sake jan hankalin mata a 'yan shekarun nan saboda finafinai. Shirin The Gilded Age, wanda tashar HBO ta fara nunawa a 2022, ya hasko rayuwar attajiran birnin New York a 1882. Fim ɗin Enola Holmes na Netflix, wanda ya fito a 2020, shi ma ya mayar da masu kallo Landan ta wancan zamani. A YouTube da TikTok kuwa, akwai mata da dama da ke nuna yadda suke gwada ɗaurin a gaban madubi.

Yawancin masu son gwadawa kan karaya tun kafin su fara, don suna zaton sai mace na da gashi har gadon baya. Alhali mafi yawan tudun nan da ake gani a hotuna gina shi aka yi. A ƙarƙashinsa akwai abin cusawa, da fil-fil masu yawa, wani lokaci ma har da gashin da aka sayo a kasuwa.

Macen da ta gane yadda ake wannan gini za ta iya yin ɗaurin a ɗakinta cikin kamar rabin awa, ba tare da ƙarfe mai zafi ya taɓa kanta ba.

Ranar da yarinya ke ɗage gashinta

Sarauniya Biktoriya ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901. A tsawon wannan lokaci, ɗaure gashi sama alama ce ta girma.

Yarinya ƙarama kan saki gashinta ko a yi mata kalaba ɗaya ko biyu, siket ɗinta kuma bai kai idon sawu ba. Idan ta kai shekara 16 zuwa 18, sai a ƙara wa siket tsawo, ita kuma ta ɗage gashinta sama. Daga ranar ta shiga sahun 'yan matan da za a iya neman aurensu, ta fara zama cikin manya a wajen liyafa.

Bayan haka, sakakken gashinta sai cikin ɗakin barci. Mijinta da 'yan uwanta mata da mai yi mata hidima ne kaɗai ke ganinsa. Macen da ta fito titi da gashi a barbaje, kallon marar kamun kai ake yi mata, ko a ɗauka wani tashin hankali ne ya same ta.

Shi ya sa kowace mace, mai kuɗi da talaka, dole ta iya ɗaurin da zai kwana ɗaya cur bai warware ba. Matan attajirai suna da 'yar aiki ta musamman mai kula da tufafi da gashi. Sauran mata kuwa, malaman makaranta da masu jiran kanti da ma'aikatan masaƙa, da hannunsu suke yi kowace safiya.

Salo ya sauya sau uku

Idan aka ce ƙarshen zamanin Biktoriya, ana nufin kamar shekara 30 ne, kuma ɗaurin bai tsaya iri ɗaya ba.

A shekarun 1870 ana son kai ya yi girma. Ana tara kitso da naɗe-naɗe a bayan kai, a sako wasu murɗaɗɗun silalla su sauko kan ƙeya, don su dace da rigunan lokacin masu tudu ta baya. A wannan zango ne aka fi amfani da gashin saye.

A shekarun 1880 sai aka rage. Ana taje gashi ya kwanta daga ƙeya zuwa sama, a yi ɗan ƙulli a tsakar ka, a bar gajeren gashi a goshi a nannaɗe shi ƙanana-ƙanana. Wadda ta fi yaɗa wannan salo ita ce Gimbiya Alexandra, 'yar sarkin Denmark, wadda ta auri babban ɗan Biktoriya a 1863. Har sunanta aka sa wa wannan gashin goshin. 'Yar wasan kwaikwayo Lillie Langtry kuma ta yi fice da ƙulli a ƙasa, daidai ƙeya.

A shekarun 1890 gashin goshi ya fara ɓacewa. Aka koma ɗaga gashin gaba da na gefe ya yi laushi ya kumbura kewaye da fuska, sannan a tattare shi a sama. Mai zane ɗan Amurka Charles Dana Gibson ya riƙa zana irin wannan mace a mujallar Life, doguwa mai dogon wuya da tulin gashi, har aka riƙa kiran duk mai irin wannan kwalliya da 'yar Gibson. Tudun gaban kuwa ana ce masa pompadour, sunan Madam Pompadour ta fadar Sarki Louis na 15 na Faransa.

Wannan na ƙarshe shi ne aka fi kwaikwayo a yau, kuma shi ne ya fi sauƙin yi a gida.

Masu kallon finafinai kan haɗa zamunna. Bridgerton ya shafi farkon ƙarni na 19, tun kafin Biktoriya ta hau mulki, Downton Abbey kuma ya fara ne daga 1912, bayan rasuwarta. Ɗaurin kowane zamani daban yake.

Abin da ke ɓoye a ƙarƙashi

A kan teburin kwalliyar macen wancan lokaci akwai wani ɗan tangaran mai murfi, da huda a tsakiyar murfin. Duk lokacin da ta gama taje kai, sai ta cire gashin da ya maƙale a burushi ta tura cikin hudar.

Idan ya taru, sai ta mulmula shi ya yi kamar ƙaramar ayaba, ta sa cikin raga ta ɗinke. Turawa na kiran wannan abu da kalmar da ke nufin ɓera, saboda kamarsa. Shi ake ɗorawa a kan kai, a lulluɓe da gashin gaba, sai tudu ya fito. Da yake gashinta ne, launin ɗaya ne, ko ya leƙo ba a ganewa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga matan Hausa. Dokar da kakanni suka yi ado da ita a kan abin cusawa ake kitsa ta don ta yi tudu, kuma acucin da 'yan mata ke sawa a ƙarƙashin ɗankwali a yau aikinsa ke nan.

Wadda gashinta bai isa ba kuma tana da hali, sai ta sayi ƙari. Akwai dogon gashi da aka ɗaure ta gefe ɗaya don a naɗa, akwai kitsattse, akwai kuma gashin goshi da aka riga aka nannaɗe, sai dai a maƙala.

Gashin nan daga kan matalauta yake fitowa. Dillalai kan zaga ƙauyukan Faransa, musamman yankunan Brittany da Auvergne, da wasu sassan Jamus da Italiya, suna yanke gashin 'yan matan karkara a ba su 'yan kuɗi ko ƙyallen yadi. Ana kuma shigo da gashi daga ƙasar Sin, a rina a sarrafa.

Marubuci Thomas Hardy ya taɓo wannan ciniki a littafinsa The Woodlanders na 1887, inda wata yarinya talaka ta sayar da gashinta, ya koma kan wata attajira.

Gashin jimina daga Kano

Ado na dare ya fi na rana. Ana soka mataji mai ado, ko fure, ko gashin tsuntsu a jikin ƙullin. Macen da za a gabatar a gaban sarauniya ma dole ne ta sa farin gashin jimina a kanta.

A nan ne kwalliyar matan Landan ta haɗu da kasuwancin ƙasar Hausa. A shekarun 1870 da 1880, gashin jimina na cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Damagaram da Kukawa, tare da hauren giwa da jemammun fatu. Ayarin kan ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, daga can jiragen ruwa su kai kayan Landan da Faris. Daga baya gonakin kiwon jimina na Afirka ta Kudu suka karɓe kasuwar.

Jimina ana iya cire mata gashi tana raye, amma wasu tsuntsayen sai an kashe su. An hallaka dangin balbela masu ɗimbin yawa saboda fararen gashinsu masu laushi. Wannan ta'adi ne ya sa Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Manchester a 1889, wadda har yau tana aiki a Birtaniya.

Matajan ado mafi tsada kuma da ƙoƙon kunkurun teku ake yin su. Yanzu an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, don haka na roba masu kama da shi ne ake samu, kuma sun wadatar.

Kayan da ake buƙata

Ba su da yawa, kuma kusan duk ana samunsu a shagon kayan kwalliya.

Na farko fil ɗin gashi mai siffar harafin U, manya kamar 10 da ƙanana kamar 15. Shi ne ainihin abin da matan lokacin suka yi aiki da shi. Ɗan ƙaramin fil mai matsewa da aka saba gani yanzu sai a shekarun 1920 ya yaɗu, lokacin da mata suka fara aske gashi gajere. Yana da amfani wajen riƙe abin cusawa, amma ba ya riƙe ƙulli kamar mai siffar U.

Sai kum mai dogon wutsiya don tsaga, da burushi mai laushi. Burushi mai matashin roba, irin wanda Mason Pearson ya ƙirƙira a Landan a 1885, har yanzu ana sayar da shi, amma kowane mai laushi zai yi.

Sai ribom ko robar ɗaure gashi marar ƙarfe, da siririyar raga mai launin gashi, da madubi biyu don a riƙa ganin baya.

Na ƙarshe shi ne abin cusawa. Mace za ta iya tara gashinta na taza na wasu makonni, ta wanke, ta shanya ya bushe sarai, sannan ta cusa a raga. Wadda ba ta son jira, ko ba ta son amfani da gashi ko kaɗan, sai ta dunƙule zaren ulu baƙi ta sa cikin tsohuwar safa mai shara-shara. Tsawonsa kamar tafin hannu, kaurinsa kamar yatsu uku.

Shiri tun daga dare

Gashin da aka wanke yau santsi gare shi, fil ba ya kama shi. Matan zamanin Biktoriya ba su cika samun wannan matsala ba, domin sukan yi makonni ba su wanke kai ba. Sabulun wanke gashi na musamman bai yaɗu ba sai a ƙarni na 20. Da sabulun wanka ko gwaiduwar ƙwai suke wankewa, sauran kwanakin kuma su dogara da burushi safe da dare.

Don haka ya fi kyau a yi ɗaurin kwana biyu ko uku bayan wanki.

Ɗaurin shekarun 1890 yana son gashi mai ɗan lanƙwasa kamar igiyar ruwa. A 1872 wani mai gyaran gashi a Faris, Marcel Grateau, ya gano yadda ake juya ƙarfe mai zafi ya fitar da wannan lanƙwasa, salon ya ɗauki sunansa. Amma mata da yawa a gida ba sa amfani da wuta. Sukan jiƙa gashi kaɗan, su kitse shi ko su naɗe a jikin tsumma ko takarda, su kwana da shi.

Wannan hanya har yau ita ce mafi aminci. Mai gashi mai santsi ko wadda ta sa man miƙar da gashi, sai ta fesa ruwa kaɗan, ta yi kalaba shida zuwa takwas, ta tsefe da safe da yatsu.

Mai gashi irin namu na Afirka wanda ba a sa masa komai ba, buƙatarta ita ce ya ɗan miƙe don a samu tsawon naɗi. Manyan kalaba ko ɗaurin zare na dare ɗaya sun isa, bayan an shafa ɗan man kaɗanya ko na kwakwa. Kada man ya yi yawa, don zai sa fil ya riƙa zamewa.

Yadda ake ɗaurin

Mataki na farko shi ne tsaga. A ja layi da wutsiyar kum daga saman kunne ɗaya, a bi ta tsakiyar kai, zuwa saman ɗaya kunnen. Gashi ya rabu biyu ke nan, na gaba da na baya. A maƙale na gaban a ajiye shi tukuna.

Na biyu, a sunkuyar da kai, a taje gashin baya daga ƙeya zuwa sama, a ɗaure shi da roba. Wurin ɗaurin yana da muhimmanci. Idan aka ja layi daga haɓa aka bi ta saman kunne, inda layin ya ƙare a kai nan ne mazauninsa. Idan ya sauka ƙasa da nan, salon ya koma na wani zamani. Wannan ɗauri shi ne ginshiƙi, komai a jikinsa zai rataya.

Kafin a ɗago kai, a ɗan sassauta gashin ƙeya da yatsa. Idan aka ɗaure shi tamau ana sunkuye, zai riƙa ja duk lokacin da aka duƙa.

Na uku, a raba gashin gaba kashi uku: tsakiya, dama da hagu. A zubo na tsakiyar kan fuska. A ɗora abin cusawa a kwance, kamar yatsu biyu daga inda gashin goshi ya fara, a kafe bakinsa biyu da ƙananan fil.

Na huɗu, a ɗaga gashin tsakiyar, a shafe samansa da burushi a hankali, a mayar da shi baya ya rufe abin cusawar. A riƙe ƙarshensa kusa da ginshiƙin, a ɗan murɗa sau ɗaya, sannan a tura shi gaba kaɗan. Wannan turawar ce ke sa goshi ya yi tudu mai laushi. Ana riƙe da shi a haka za a kafe da fil biyu, ɗaya ya gitta ɗaya.

Na biyar, a yi wa gefe biyu haka nan. A ɗaga kowanne sama da baya, a bar shi ya ɗan kumbura a saman kunne, a kafe a jikin ginshiƙi. A tabbatar gefunan sun rufe bakin abin cusawa, kuma babu tsagar da ta bayyana tsakanin kashi ukun. A hotunan lokacin, yawanci ƙasan kunne a buɗe yake don ɗan kunne ya fito.

Na shida shi ne ƙulli. A haɗa jelar baya da ragowar gashin gaba, a murɗa su wuri guda kamar igiya, ba da ƙarfi ba. A naɗa kewaye da robar kamar gammo, a cusa ƙarshen a ƙarƙashi.

Mai dogon gashi za ta iya raba jelar biyu, ta naɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa su ba da siffar lamba 8, wanda aka yi yayinsa sosai. Akwai kuma wanda ake barin tsakiyar ƙullin ya ɗan tsero waje, kwaikwayon gumakan matan Girka na dā.

Mai gajeren gashi kuwa, sai ta sa ƙaramin gammo na ulu a gindin jelar, ta baza gashin a kansa, ta rufe da raga.

Daga nan sai gyara. A duba baya da madubi na biyu, a ja nan a tura can da wutsiyar kum har ɓangarorin biyu su daidaita. Idan ana so, a sako siraran gashi biyu a gaban kunne da ɗan kaɗan a ƙeya. Sai a soka matajin ado a gaban ƙullin ko a bayansa, haƙoransa su shiga cikin ginshiƙi.

Mai son salon shekarun 1880 ba ta buƙatar abin cusawa. Za ta taje komai ya kwanta zuwa sama, ta yi ƙaramin ƙulli, ta nannaɗe gajeren gashin goshi da tsumma tun dare.

Inda aka fi kuskure: soka fil

Yawancin ɗaurin da ke warwarewa kafin azahar, fil ne ba a soka daidai ba. Idan aka tura shi kai tsaye cikin ƙulli, babu abin da ya kama, da an girgiza kai zai fito.

Yadda ake yi shi ne, a soka bakin fil a gefen ƙullin yana kallon waje, ya ɗebi gashi kaɗan. A kai bakin ya taɓa fatar kai ya ɗebi gashin da ke kwance a wurin. Sannan a juya fil ɗin ya kalli tsakiyar ƙulli, a tura shi ciki yana bin fatar kai. Ta haka ya ɗinke ƙullin da gashin da ke ƙasa.

Manya huɗu aka fara sawa, gaba da baya da dama da hagu, sannan a cike giɓi da ƙanana. Idan fil yana suka ko yana ja, a zare a sake. Wanda aka sa daidai ba a jin sa.

Abin fesawa mai ƙamar da gashi bai zo ba sai a shekarun 1940. Kafin nan mata na kwantar da gashin da ya tashi da wani ruwa mai yauƙi da ake haɗawa da 'ya'yan itace ko ƙaro, a ɗiga turare. A yau ɗan jel a kan tsohon burushin haƙori yana yin wannan aiki.

Gashin Afirka ya fi dacewa da shi

Akwai masu ganin salon na masu gashi mai santsi ne kawai. Hotunan lokacin sun nuna akasin haka.

Ida B. Wells, 'yar jarida baƙar fata da ta yi yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe a kudancin Amurka, ta zagaya Birtaniya tana jawabi a 1893 da 1894. A sanannen hotonta na wannan lokaci, gashinta a tattare yake a sama da ƙulli a tsakar ka. Haka Mary Church Terrell, ɗaya daga cikin baƙaƙen mata na farko da suka yi digiri a Amurka. A Legas ma, matan gidajen 'yan boko, musamman zuriyar waɗanda suka dawo daga Saliyo, sun yi shigar zamanin Biktoriya.

Abin da Baturiya ke wahalar nema da ƙarfe mai zafi da abin cusawa, wato kauri da tsayuwa, gashin Afirka da shi aka halicce shi. Mai cikar gashi sau da yawa ba ta buƙatar cusa komai. Naɗe gashin gaba ciki kamar tabarma, a kafe, ya isa ya ba da tudun. Fil kuma ya fi kama shi.

Abin da za ta kiyaye shi ne taza. Ta yi amfani da yatsu da kum mai manyan haƙora, kada ta bi shawarar masu cewa a riƙa taje gashi baya-baya zuwa tushe don ya kumbura. Wannan na sa gashi mai murɗi ya cukurkuɗe ya karye.

Kada ado ya ci goshi

Matan zamanin Biktoriya sun biya farashin kwalliyarsu. Ƙarfen naɗi a kan fitilar barasa ake gasa shi, babu abin auna zafi. Sukan gwada a jikin takarda, idan ta ƙone su jira ya huce. Duk da haka ƙonewar gashin goshi da ta fata ruwan dare ce, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa cinikin gashin goshi na saye ya yi kasuwa.

Haɗarin da ya fi kusa da mai gwadawa a yau shi ne ja. Likitocin fata sun daɗe suna gargaɗi cewa ɗaure gashi tamau a wuri ɗaya kullum yana cinye gashin goshi da na gefen kunne, kamar yadda matsattsen kitso ke yi. Da farko gashin kan dawo idan aka daina, amma idan abin ya daɗe tushen kan mutu.

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da ciwon kai, da zafi a tushen gashi, da ƙananan ƙuraje a bakin goshi. Duk wadda ta ji ɗaya daga ciki, ta kwance ta sake. Gashin da aka sa wa man miƙarwa ya fi saurin karyewa, don haka ya fi buƙatar sassauci.

Salon shekarun 1890 yana da sauƙi ta wannan fuska, domin gabansa sakwa-sakwa ake so. Nauyin yana kan ginshiƙin tsakar ka, goshi kuma yana hutawa.

Abin cusawa ma yana son tsafta. A riƙa wanke shi ana shanyawa, kada a sa shi da danshi, kuma kada a yi aronsa.

Ba a kwana da ɗaurin. Matan wancan zamani kan zare fil ɗaya bayan ɗaya da dare, suna ƙirgawa don kada wani ya ɓuya, su taje gashin tun daga ƙarshe zuwa tushe, su yi kalaba ɗaya sakwa-sakwa. Gashin da ya fita a burushi kuma a tura shi cikin ɗan tangaran, ya jira ranar da za a ɗinka sabon abin cusawa.

Karon farko zai iya cin awa guda, kuma da wuya ɓangarorin biyu su daidaita. Zuwa karo na huɗu ko na biyar hannu ya saba. Wadda ke shirin yin sa don biki ko ɗaukar hoto, gara ta fara gwaji mako guda kafin ranar.